Kafin ka sake sayen filogi, tambayi wayarka: magana kan motocin da aka "rage wa shan mai"

Akwai wani tsoro da sai wanda ya taɓa zama a gaban mota a hanyar Gwarzo ya san shi. Direba ya leƙa daga bayan tirela, ya ga akwai fili, ya fito zai sha gabanta, ya danna totur, maimakon mota ta zabura sai ta yi kamar an shaƙe ta. Daƙiƙa biyu ko uku take yi tana shawara, daidai lokacin da wata Sharon ta ɓullo daga gaba da fitila a kunne. Ni na zauna a wannan kujerar, bayan mun wuce Rimin Gado mun shiga ƙasar Kabo, a motar ɗan kawuna da ke zirga-zirga tsakanin Gwarzo da Kano kusan kullum. Allah ya kiyaye, mai tirelar ya sassauta muka shige. Da muka samu natsuwa na ce masa, "Yaya, tun yaushe take yin haka?" Ya ce tun bayan da ya kai ta aka rage mata shan mai.

Na san wasu za su ce me ya haɗa shafin waya da kwamfuta da gyaran mota. Abin da ya haɗa su shi ne, duk motar da aka ƙera cikin shekaru ashirin da 'yan kai da suka wuce kwamfuta ce mai taya huɗu, kuma wayar da kake karanta wannan rubutu da ita tana iya yin magana da ita. Ra'ayina, wanda na san ba zai yi wa kowa daɗi ba, shi ne yawancin abin da ake yi wa motoci a garejinmu da sunan rage shan mai ɓarna ce, kuma yadda ake neman gyara ɓarnar ta hanyar canza kaya ɗaya bayan ɗaya caca ce da kuɗin talaka. Matashin da ya iya saita sabuwar waya zai iya koyon karanta lambobi huɗu ko biyar da za su tsayar da wannan cacar.

Mu fara da yadda aka zo nan. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na karɓar mulki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Mai ɗaukar fasinja daga Gwarzo zuwa Kabuga, tafiyar da ta kai kilomita 70 ko kusa da haka, ba zai iya ninka kuɗin mota sau biyar ba don fasinjan ma ba shi da shi. Dole ya nemi inda zai rage. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Inda nake da ja shi ne maganin da aka sayar masa.

Abin da aka yi wa motar ɗan kawuna, ƙaramar mota ce ƙirar 2005 mai injin lita 1.8, shi ne abin da ake yi wa da yawa. An cire akwatin tace iska na asali aka sa wata ja mai kama da mazurari, wai don inji ya "sha iska". An fasa salansa an cire abin nan da kanikawa ke kira indomi, wanda ke tace hayaƙi, aka sayar (akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa irin su filatinom da faladiyom, shi ya sa ake rububinsa), aka yi walda aka mayar. Tamostat kuwa tun da daɗewa aka cire shi, kamar yadda aka saba yi wa kusan duk motar da ta shigo ƙasar nan, wai ƙasarmu akwai zafi. Sati biyu na farko ya rantse motar ta fi sauƙin mai. Ƙarar injin ta canza, kuma kunne yana yaudarar aljihu.

Daga nan aka shiga zagayen gareji. Na farko ya ce filogi ne, aka canza huɗu. Na biyu ya ce kwayil. Na uku ya wanke nozul, da abin bai daina ba ya ce famfon mai ya yi sanyi, aka je Kofar Ruwa aka sayo wani. Wani mai rewaya ya jona kwamfuta, ya goge fitilar cek injin, ya karɓi kuɗinsa, fitilar ta dawo kafin a kai Getso. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya yana iya jawo irin wannan matsala, ba ƙarya suka yi ba. Amma babu wanda ya auna komai kafin ya kwance.

Abin da ke faruwa cikin injin

Injin fetur yana son iska da mai a kan wani ma'auni: giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na fetur. Idan mai ya yi yawa, mota ta yi baƙin hayaƙi, filogi ya yi baƙi, tanki ya riƙa ƙarewa da wuri. Kowa ya san wannan. Wanda ba a cika sani ba shi ne kishiyarsa, inda iska ta rinjayi mai. A nan babu hayaƙin da za ka gani, babu warin da za ka ji, sai dai mota ta riƙa sarƙewa idan an taka ta, silo ya riƙa rawa, wani lokaci ta yi tari ta baya. Idan ka kwance filogi za ka gan shi fari fat kamar an shafa masa alli, maimakon ruwan ƙasa-ƙasa na injin da ke da lafiya. Cakuɗen da mai ya yi masa ƙaranci ba ya kamawa da wuri, yana ci a hankali, yana barin zafi a kan bawul da saman fistin. Wanda ya daɗe yana tafiya a haka da lodi, ƙarshensa sauke kan inji.

Burenbos, wato kwamfutar motar, ita ke riƙe da wannan ma'auni. Tana da kunne a gaba da kunne a baya. Na gaba shi ne sansan da ke auna iskar da ke shiga, wanda za ka ga an rubuta MAF a manhaja. Na baya shi ne sansan oksijin da ke jikin salansa, mai shinshina hayaƙi ya faɗa mata ko man da ta zuba ya isa. Idan na bayan ya ce bai isa ba, sai ta ƙara. Yawan abin da take ƙarawa ko ragewa shi ne sirrin duka, kuma tana rubuta shi da kaso cikin ɗari a wurare biyu: STFT, gyaran da take yi nan take, da LTFT, gyaran da ta koya ta haddace bayan ta ga matsalar ta ƙi tafiya. Sifili na nufin lissafinta ya yi daidai. Idan ka haɗa biyun suka tsaya tsakanin 10 sama da 10 ƙasa, lafiya lau. Idan suka haura 20 suka zauna a can, burenbos ta kusa ƙure ƙoƙarinta, sai ta kunna fitila ta ajiye lambar P0171, ko P0174 idan ɗaya ɓangaren injin V6 ne.

To ka ga inda maganar rage shan mai ta rushe. A motar da ke da burenbos, idan ka ƙara mata iska ta ɓarauniyar hanya, ba ka rage komai ba, domin za ta gane ta ƙara mai ta cike giɓin. Iyakar abin da ka yi shi ne ka cinye mata damar da take da ita ta gyara wasu ƙananan kurakurai. Tamostat da aka cire kuma yana sa inji ya daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da asuba lokacin hunturu, kuma inji mai sanyi mai da yawa ake zuba masa da gangan. Hannu ɗaya yana ƙoƙarin ragewa, ɗayan yana zubarwa.

Don adalci, injin da ke tafiya da ƙarancin mai ba tatsuniya ba ce. Honda ta yi shi a wasu Civic a farkon shekarun 1990, Mitsubishi ta fito da injin GDI a 1996. Amma tun daga siffar kan fistin har zuwa yadda iska ke juyawa cikin silinda an zana su don haka, kuma duk da haka kamfanoni sun ja baya daga tsarin saboda irin gurɓataccen hayaƙin da yake fitarwa. Abin da injiniyoyin Japan suka sha wahala a kansa ba zai samu da zarto da salatif a gindin bishiya ba.

Na'urar da ba ta kai kuɗin cika tanki ba

Tun daga 1996 doka ta tilasta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da soket iri ɗaya mai baki 16, wanda ake kira OBD2. Turai ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. Tunda yawancin motocinmu daga can suke zuwa, ko ta Legas ko ta Kwatano, soket ɗin yana nan a ƙarƙashin sitiyari, sau da yawa babu wanda ya taɓa leƙa shi. Abin da ake jonawa a ciki wata 'yar na'ura ce da ba ta fi akwatin ashana girma sosai ba, ana kiranta ELM327, tana haɗuwa da waya ta Bluetooth. Sai ka sauke manhaja irin Torque ko Car Scanner daga Play Store. Shi ke nan kayan aikin.

Sai dai a yi hattara wajen saye. Kamfanin Elm Electronics na Kanada ne ya ƙirƙiro ta, amma kusan duk wadda za ka gani a kasuwa kwaikwayo ce daga China, kuma ingancinsu ya bambanta ƙwarai. Wata za ta karanta motarka, wata ta ƙi, wata ta riƙa yankewa. Idan da hali ka gwada a motar kafin ka biya. Masu iPhone su nemi mai WiFi ko mai sabon nau'in Bluetooth na 4.0, domin tsohon nau'in ba ya haɗuwa da ita. Kuma kada ka bar ta a jone ka tafi ka kwana biyu: soket ɗin yana da wuta ko an zare makulli, za ta iya shanye maka batir, ga shi lambar sirrin yawancinsu 1234 ce, duk wanda ke kusa zai iya haɗawa.

Ranar da na kai tawa Gwarzo, mun bar motar ta yi zafi tukuna, domin lambobin ba su da ma'ana kafin burenbos ta fara sauraron sansan salansa. Abu na farko da na lura, bayan tafiyar minti ashirin zafin ruwa yana ƙasa da digiri 70, alhali injin irin wannan wajen 85 zuwa 95 ya kamata ya zauna. Wannan shaidar tamostat ke nan. A silo, LTFT yana kan 22. Na ce ya taka totur ya riƙe a RPM 2,500 mota na tsaye. Jimillar ta sauko ƙasa da 10.

Wannan ɗan gwajin, wanda bai ɗauki minti biyu ba, shi ne abin da nake so kowane mai karatu ya tafi da shi. A silo inji iska kaɗan yake ja, don haka ƙaramar ɓula da ke shigar da iskar da ba a auna ba tana da tasiri babba. Da ka ɗaga injin, iskar halal ta yi yawa, ta ɓular ta zama ba komai ba, lambar ta sauko. Idan ka ga haka, nemi tiyo da ya tsage ko gasket da ya bushe, ka bar famfon mai ya huta. Idan kuwa akasin haka ka gani, lambar tana da kyau a silo amma tana hawa yayin da kake ƙara wuta ko kake hawa tudu da lodi, to ko dai man ne ba ya isowa, saboda famfo ya gaji ko fita ta toshe ko nozul sun cushe, ko kuma sansan iska yana faɗin ƙasa da gaskiya. Famfo ba a yanke masa hukunci da kunne, agogon awon matsi ake jona masa, kuma a yawancin irin waɗannan motoci wajen ba 3 ake nema. Ɗan kawuna ya sayi famfo ba tare da an taɓa auna tsohon ba. Har yau tsohon yana cikin but, kuma ina kyautata zaton lafiyarsa ƙalau.

Muka buɗe bonet. Akwai wani ƙaramin tiyo da ke tasowa daga murfin kan inji ya shiga babban bututun iska. Da aka sa jar matatar babu gurbinsa yadda ya kamata, sai aka cusa shi aka naɗe da leda da salatif, zafi kuma ya ci ledar. Muka gyara wannan, silo ya daidaita nan take. Na ɗauka an gama. Muka hau titi, shi yana tuƙi ni ina riƙe da waya (don Allah kada mutum ɗaya ya haɗa biyun, manhajar tana iya naɗar bayanan ka duba bayan ka tsaya), sai na ga da ya fara ƙara gudu lambar tana komawa 15, kuma sarƙewar tana nan.

Laifi na biyu yana jikin MAF. A cikinsa akwai wata siririyar waya da ake ɗumamawa da lantarki, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, daga nan ake lissafa yawan iskar. Idan ƙura ta lulluɓe wayar, kamar an sa mata bargo ne, ba ta jin iskar sosai, sai ta faɗa wa burenbos ƙasa da abin da ya shiga. Waɗannan jajayen matatu an yi su ne don titunan da ba su san hunturu ba. Wasu ma mai ake shafa musu, man ya bi iska ya manne a wayar, ƙurar Disamba da Janairu ta zo ta zauna a kai. Duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan Kabo da rani ya san irin ƙurar da nake nufi. Abin da ya sa wannan ya fi haɗari shi ne, lokacin da ka danne totur har ƙasa, burenbos a yawancin motoci tana daina jiran gyaran sansan salansa, ta dogara da abin da sansan iska ya faɗa mata. Wato a daidai lokacin shan gaban tirela ne ƙaryar take aiki ba mai ƙaryata ta. Muka fesa masa ruwan wanke sansa, ba tare da an taɓa wayar da hannu ko tsumma ba, muka nemo akwatin iska na asali a wurin masu kayan Beljiyam muka mayar, aka sa tamostat. Kuɗin duka bai kai na kwayil ɗin da aka canza a banza ba.

Inda waya take ƙarewa

Da na koma wurin dattijon bakaniken da ya fara duba motar na nuna masa, bai ji haushi ba. Ya ce, "Ɗana, ni shekara talatin ina jin ciwon inji da kunne, amma waɗannan na yanzu ba sa kuka yadda na saba." Na ce, "Baba, kunnen nan naka ba a sayar da shi a Play Store." Ba daɗin baki nake yi masa ba. Shi ne ya ɗora hannu kusa da inda aka yi waldar salansa ya ce akwai huci a nan, abin da waya ba za ta taɓa nuna min ba. Kuma wannan ma yana da muhimmanci, domin ɓula a salansa kafin wurin sansan oksijin tana jawo iskar waje, sansan ya ɗauka mai ya yi ƙaranci alhali bai yi ba, burenbos ta yi ta ambaliyar mai. Lambobin waya a nan za su nuna maka matsala iri ɗaya da ta tiyo, amma filogi zai fito baƙi maimakon fari. Wanda bai taɓa kwance filogi ba ba zai raba su ba.

Shi ya sa ba na goyon bayan sabon salon da ya fara yawa, inda yaro zai sayi na'urar yau, gobe ya rubuta "gyaran mota da kwamfuta" a allo. Lambar P0171 ba ta ce a canza sansan oksijin ba. Cewa ta yi sansan ya kawo rahoton ƙarancin mai, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa. Canza shi kamar korar ɗan aike ne don ya kawo labarin da ba a so. Na ga kuma wanda ya ga sansan wata Toyota yana nuna wajen bolt 3.3 bai motsa ba ya ce ya mutu, don ya haddace cewa sansan oksijin tsakanin 0.1 da 0.9 yake kai-komo. Wancan wani nau'i ne daban, haka yake aikinsa. Akwai kuma injinan da ba su da MAF sam, matsin iska suke aunawa, irinsu idan tiyo ya tsage silo ne yake tashi sama maimakon lambar gyaran mai. Sannan tsofaffin Golf 3 da suka cika tashoshinmu, da yawa an ƙera su ne don Turai kafin dokar 2001, ƙaramar na'urar nan ba lallai ta fahimci yarensu ba.

Mafi muni shi ne goge fitila. Goge lamba ba gyara ba ne, hasali ma yana share abin da burenbos ta adana na yanayin da motar take ciki lokacin da matsalar ta faru, wanda shi ne mafi amfani ga mai bincike. Kafin ka goge komai ɗauki hoton allon. Ga kuma wata dabara ga masu shirin sayen mota: idan aka goge lambobi, gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta suna komawa "ba a kammala ba", kuma sai an yi tafiya mai ɗan yawa suke cika. Idan dillali ya nuna maka mota babu fitila amma manhaja ta nuna yawancin gwaje-gwajen ba su kammala ba, ko dai an cire batir kwanan nan, ko an share wani abu kafin ka iso. Ka tambaya.

Wani zai ce duk wannan na masu mota ne, mu masu babur fa? Kafireta ba ta da soket, gaskiya ne, amma ciwon ɗaya ne. Masu Boxer da masu injin ban-ruwa a fadamu suna kai wa a matse musu jet ko a sauke allura don mai ya daɗe, kuma a can babu burenbos da za ta cike giɓin, abin da aka rage ya ragu ke nan. Man yana ɗan raguwa, ba na musu. Amma injin da iska ce kawai ke sanyaya shi, a zafin Afrilu, da buhu biyu a baya, idan aka hana shi mai fistin ne zai biya bashin. Kwance filogi bayan doguwar tafiya ka duba launinsa, wannan gwajin kyauta ne.

Man kansa ma a sa shi cikin lissafi. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, hukumomi da kansu suka amsa, aka janye shi, aka yi dogayen layuka. Man da aka gauraya da irin wannan yana buƙatar a zuba shi da yawa kafin ya yi aikin fetur, don haka lambobin gyara za su hau ko da komai na motar lafiya yake. Idan matsalarka ta fara ne daga ranar da ka sha mai a galan wurin 'yan bumburutu, ƙarar da shi ka zuba wani kafin ka kwance ko da noti ɗaya. Haka nan al'adar da tsada ta koya mana ta yawo da lita uku a tanki: famfon cikin man yake zaune, man ne ke sanyaya shi, kuma a kwana ko gargada yana iya zuƙar iska mota ta yi shiru na ɗan lokaci.

Masu komawa gas

Ga wanda yake son rage kuɗin mai da gaske, juya mota zuwa iskar CNG, wadda gwamnatin tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023, hanya ce da take da ma'ana, ba kamar jar matata ba. Amma ita ma gyaran inji ce, kuma duk abin da na faɗa a sama ya shafe ta, har da ƙari. Gas yana son nasa ma'aunin, wajen 17 da ɗoriya na iska ga ɗaya. A tsarin zamani ana ƙara wata ƙaramar kwamfuta da ke kwaikwayon umarnin da burenbos ke ba nozul ɗin fetur ta juya shi zuwa na gas. Idan mai haɗawa bai zauna da laftof ya daidaita ta a kan titi ba, ko ya matse ta da gangan don kwastoma ya ji daɗin cewa tukunya tana daɗewa, burenbos za ta ga ƙaranci ta yi ta ƙarawa, ta haddace wannan a LTFT. Ranar da gas ya ƙare maka a hanya ka koma fetur, sai ta zuba fetur da lissafin da ta koya a kan gas, mota ta riƙa shaƙewa, ka ce ai fetur ɗin ne ba shi da kyau. Gas kuma busasshe ne, ba ya sanyaya bawul kamar fetur, ƙarancinsa ya fi saurin cin mazaunin bawul.

Gwajin mai sauƙi ne, kuma ina ganin haƙƙin duk wanda ya biya kuɗin juyawa ne ya yi shi kafin ya bar wurin. Bayan mota ta yi zafi, duba STFT da LTFT a kan fetur, a silo da kuma a tafiya. Danna maɓallin ka koma gas, ka sake dubawa a hanya ɗaya da gudu ɗaya. Idan aikin ya yi kyau, lambobin biyu za su yi kusa da juna. Idan na gas ya tsere da 15 ko 20, ba a gama aiki ba, a koma kan laftof. Tukunyar kuwa ba wurin neman araha ba ce: matsin da ke cikinta yana kai ba 200, kuma fashewar da aka yi a wani gidan gas a Benin a Oktoban 2024 an danganta ta ne da tukunyar da aka haɗa da walda, ba wadda aka ƙera don wannan aiki ba.

Motar ɗan kawuna dai yanzu LTFT ɗinta yana yawo tsakanin 3 da 5, zafin ruwa yana tsayawa wajen 88. Indomi bai dawo ba don kuɗin sabo ya fi ƙarfinsa, saboda haka fitilar tana kunnuwa da lambar P0420, wadda ke cewa matatar hayaƙi ba ta aiki. Wannan ne ya sa na bar masa na'urar, na saka masa Car Scanner a wayarsa: tunda fitilar a kunne take kullum, ba za ta iya sanar da shi sabuwar matsala ba, sai ya riƙa jonawa duk ranar Juma'a ya duba ko wata lamba ta ƙaru a kan waccan.